Amsa kan allurar penta da ke ɓacewa a wadi

Ƙanwata da kika ce lissafin penta (wato pentazocine, allurar kashe ciwo mai ƙarfi) ba ya cika duk ranar da kika karɓi duti daga wata abokiyar aikinki, kuma kina tsoron a ce sharri kika yi mata, bari in gaya miki abin da ya faru a wadinmu, shekarata 14 ina aikin nas.

Mu ba littafin lissafin magani ne ya fara tona asirin ba, wani yaro ne mai sikila. A folda an rubuta an yi masa pentazocine 30mg ƙarfe biyun dare, amma har ƙarfe uku yana murƙususu yana kiran babarsa, washegari wata nas daban ta yi masa allurar nan take ya yi barci. Ashe ruwan allura zalla ake ɗirka wa bawan Allah. Daga nan muka buɗe ido a kan nas ɗin da ta yi dutin daren nan, ita ce kullum mai neman dutin dare, ita ce kwalba ke fashewa a hannunta ba mai shaida, makullin akwatin DDA (inda ake kulle magunguna masu haɗari) ba ya barin aljihunta, ga riga mai dogon hannu ko da zafin Afrilu, ta shige banɗaki ta daɗe ta fito ido a lumshe. Ɗaya daga ciki ba hujja ba ce fa, haɗuwarsu ce abin dubawa.

Ita abokiyar aikin taki, kar ki tare ta, kar ki sa sunanta a WhatsApp. Kar kuma ki ƙara sa hannu a littafin DDA sai kun ƙirga tare, kwalba ɗaya-ɗaya, don ran da abin zai fashe sa hannunki za a fara nema. In bai cika ba rubuta rana da lokaci da adadi, iya abin da idonki ya gani, ki kai wa in-caji. In ta ce a bar maganar ki wuce wajen metiron da shugaban famasi, a rubuce, ki ajiye kwafi. In kuma ta tabbata fitarwa ake yi ana sayar wa 'yan kemis, to wannan ya zama aikin NDLEA.

Mu tamu nas ɗin wata uku muka yi muna cewa a rufa mata asiri tana da marayu, wallahi har yau ina jin kunyar yaron nan. Sai da aka ɓalle ƙofar banɗaki aka same ta a sume da sirinji a ƙasa. Ta yi jinya, ta dawo aiki, yanzu tana ɓangaren awon ciki, ba a ba ta makulli.