Kar ki bari a share ɗakin nan tukuna

Assalamu alaikum 'yar uwa, Allah shi jiƙan Mama shi sa ta huta. Tun daren jiya na ga tambayarki, sati ukku da rasuwarta, ɗakinta cike da kayan aikin asibiti, ga jikoki ƙanana da ba su gama saninta ba, kina tambaya mi za ki yi kar a mance da ita. Wallahi aje wayar na yi na sha kukana, don kamar ni anka tambaya. Tawa Innar ma nas ce, shekara 35 cur tana aiki a leba, wato ɗakin haihuwa, tun muna jahar Sakkwato kafin a yanke Zamfara a 1996, ta yi Ƙaura ta yi Mafara sannan anka maido ta Gusau har ta aje aiki.

Ki kulle ɗakin nan ki saka makullin a jakarki, ko wa za shi ji haushi shi ji. Ni abin da ban yi ba kenan. Inna tana da littattafai masu baƙin bango guda tara, duk haihuwar da ta amsa sai ta dawo gida ta rubuta, kwanan wata, ƙarfe nawa, mace ko namiji, kilo nawa. In uwa ko ɗa bai yi rai ba sai ta ja layi da jan biro, kuma masu jan layin nan su take bi da addu'a in azumi ya zo, ta ɗora littafin bisa cinya bayan asham tana motsa baki. Bayan sadakar bakwai na koma ɗakina Tsafe, na ce sai arba'in in zo mu zauna mu duba kayan. Ashe matar yayanmu ta matsu da ɗakin, wai ɗiyarta ta girma tana son wurin kwana. Ran da na dawo na aiki yaro ya sawo ƙosai bakin layi, ina buɗe takardar sai ga rubutun Inna, mai ya jiƙe shi, "mace, 3.2, ƙarfe 4 na asuba". Ban san sadda na fita ba ko mayafi, na tarad da mai ƙosai da sauran rabin littafi ƙarƙashin tire, tac ce ai buhu guda anka ba ta, ta raba da mai tsire da mai gyaɗa. Biyu da rabi na samu cikin tara. Da na yi magana matar nan ta dube ni tac ce "to Anti takardu ne fa, ba Ƙur'ani ba", yayanmu yana zaune bai ce uffan ba, sai ma cewa ya yi in bar tada rigima gidan mutuwa. Shekara huɗu kenan muna gaisawa, na ce na yafe, amma har yau ban iya cin ƙosan layin nan, kuma in na ga matar yayan namu tana shanya a igiyar da Inna ke shanya fararen kayanta bayan ta sa musu bula sai in ji wani abu ya tokare min ƙirji.

Matan da ke zuwa gaisuwa suna cewa a hannunta na haihu, kar ki gaji da su. Na san da ciwo, ni har ɓuya na riƙa yi. Ki kunna rikodin a waya ki bar su su yi ta zuba, bayan arba'in ƙafa ke ɗaukewa. Bakin wata tsohuwa na ji yadda Inna ta amshi tagwaye da tocila a baki an ɗauke wuta, mu ba ta taɓa faɗa muna ba, ita in ta dawo dutin dare wanka ne da Dettol sai barci.

Su jikoki kuma ba sai kin zaunar da su kamar makaranta ba. Ki riƙa faɗin faɗanta. Tamu ta yi yaƙi da kunun kanwa da matse dakashi a zubar, tana cewa nonon farkon nan shi ne rigakafin yaro, in ta ga an shafa ma cibiya man goge baki ko toka ranar gidan ba zaman lafiya. Mai ciki ta kumbura ƙafa tana ciwon kai, ba ta jiran miji shi dawo, mashin take tarewa, don ta ga abin da jijjiga ke yi. 

Sadaka kuwa, abinci yana da lada ban hana ba, amma mu abin da ya fi kwantar muna da rai shi ne haɗa kayan haihuwa, safar hannu, audugar mata, sabulu, zane biyu, mu ba wata abokiyar aikinta ta miƙa ma wadda ta zo daga ƙauye hannu sake. Ƙannena maza kuma suna zuwa ba da jini, don ta sha faɗin zubar jini bai jiran a je gida a nemo dangi.

Yunifom ki bar ɗaya, sauran ki bayar. Agogon da take maƙalawa a ƙirji da ƙahon nan na sauraren bugun zuciyar jariri su kam kar su fita hannunki. Namu ƙahon yana wurina, autata mai shekara biyar ta ɗauke shi tana kara ma cikin akuya wai tana awo, jiya ma sai ƙarƙashin turmi na tsinto shi.