Tambaya da Amsa: Wai da gaske ne Turawan da suna yasar da kutare a bayan gari?

Tambaya: Malam barka da aiki. Don Allah wai gaskiya ne a Turai zamanin da, in mutum ya kamu da kuturta sai a kora shi can bayan gari a manta da shi? Kuma gidajen nan nasu akwai wanda ya rage har yau? Daga wata ɗalibar tarihi.

Amsa: Sannu da ƙoƙari 'yar uwa. Eh to, a wajen ganuwar gari ake gina gidajen kutaren, wannan kam haka ne, amma ki duba inda ake sa su, bakin babbar hanya ne, inda fatake da masu ziyara ke wucewa suna jefa sadaka, kin ga wanda ake so a manta da shi ai ba a zaunar da shi a bakin hanya. A Ingila kaɗai an yi irin gidajen nan sama da 300.

Mazauna ciki ba zaman jiran mutuwa kawai suke ba, suna da dokokinsu, suna da gonaki, suna yi wa masu ba su kyauta addu'a, su kuma attajirai suna ganin addu'ar wanda Allah ya jarraba ta fi saurin karɓuwa. A 1179 ma taron cocin Katolika na Lateran ya yarje musu su mallaki cocinsu da maƙabartarsu da limaminsu. Ban ce ba a ƙyamace su ba fa, an yi.

Na garin Kambrij da ke Ingila ne ya fi ba ni mamaki wallahi. Ɗan ƙaramin cocinsu na dutse da aka gina wajen 1125 yana nan tsaye, kuma Sarki John na Ingila ne ya ba su izinin cin kasuwa sau ɗaya a shekara don su samu na kashewa, kasuwar nan ta Stourbridge sai da ta zama cikin mafi girma a Turai gaba ɗaya. Kasuwar kutare fa!

Akwai kuma na Harbledown kusa da garin Kantabari a Ingila, wanda babban limamin coci Lanfranc ya kafa wajen 1084, cocin na nan, gidan kuma ya koma na tsofaffi. Da cutar ta ja baya daga ƙarni na 14 haka da yawansu suka koma, wasu suka rushe. Fadar St James da ke Landan ma a filin tsohon gidan kutare Sarki Henry na 8 ya gina ta.