Hukuncin Kare Mai Baƙi da Fari a Garken Tumaki

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ni makiyayi ne a wajen Abalak, cikin jahar Tawa. Ina da kare mai baƙin baya da farin ƙirji da ƙafafu, shi ke kore mini dila daga tumaki da dare. Maƙwabcina ya ce baƙin kare shaiɗan ne, dole in kashe shi, kuma in ya gifta gabana sallata ta ɓaci. Mene ne hukuncinsa?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Ɗan'uwa, riƙe karenka halal ne, kuma babu abin da ya wajabta maka kashe shi.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Ibnu Umar cewa wanda ya ajiye kare, in ba na farauta ko na kiwo ba, ana rage masa ƙiraɗi biyu na lada kullum, ruwayar Abu Huraira kuma ta ƙara da karen gona. Haka Ibnu Abi Zaid ya kawo a Risala, inda ya halatta karen da ke bin dabbobi daji ya dawo tare da su. Wannan togaciya ba ta ambaci launi ba.

Maganar maƙwabcinka tana da tushe, sai dai ya ɗora ta inda ba muhallinta ba. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi umarni da kashe karnuka, daga baya ya hana, ya ware “al-aswadul bahim” mai ɗigo biyu. Kalmar bahim ita ce mabuɗin mas'alar, domin ma'anarta baƙi ƙirin wanda wani launi bai cuɗanya da shi ba, ɗigo biyun kuwa a saman idanu suke. Kare mai farin ƙirji da ƙafafu ya fita daga wannan siffa tun daga lafazin hadisin, ko naka ne, ko irin karen kiwon nan mai baƙi da fari na kan iyakar Ingila da Sikotilan, wanda ake kira Border Collie. Ko a kan baƙi ƙirin ɗin ma malamai sun saɓa, har Imamul Haramaini, babban malamin mazhabar Shafi'i, ya tafi a kan cewa an shafe umarnin kashe shi. Wanda babu saɓani a kansa shi ne kare mai cizon mutane ko wanda ya haukace, wannan ana kashe shi ko da fari ne tas.

Batun salla kuwa, hadisin Abu Zarri a Muslim ya ambaci baƙin kare cikin masu yanke ta, kuma Imamu Ahmad ya ɗauke shi a zahirinsa. Malik da Shafi'i da Abu Hanifa sun ce sallar ba ta ɓaci, kuma da yawa cikin malamansu sun fassara yankewar da raguwar lada saboda shagala. Ka kafa sandarka ta zama sutura, ka yi sallarka.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda mutum zai tsargu da baƙi da fari a jikin kare, alhali garkensa cike yake da tumakin uda, rabin gaba mai duhu, rabin baya fari. Anas ya ruwaito cewa Annabi ya yi layya da raguna biyu masu ƙaho, farare da surkin baƙi, kuma aya ta 28 a suratu Faɗir ta lissafa saɓanin launukan mutane da dabbobi cikin halittar Allah.

Abin da ke kanka shi ne ka ciyar da shi, ka shayar da shi, ka kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar rigakafin hauka, ka bar shi wajen garke ba cikin ɗaki ba. Idan ya sa baki a ruwan ƙwarya, a wanke ta sau bakwai. A mazhabar Malik wannan wanki bauta ce, domin jikin kare da yawunsa ba najasa ba ne. Allah ne Mafi sani.