Tambayi Masta: Tsohuwar Tarakta da Tsohuwar Eskabeta

Assalamu alaikum jama'a. Damina ta ƙarato, shi ya sa saƙonnin wannan karon kusan duk na ƙarfe ne, masu tarakta sun tuna da ita bayan ta kwana wata huɗu a gindin mangwaro. Na ɗauki guda uku, sauran ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Masta barka da aiki. Ni ɗan Aboabo ne nan Kumasi, baban mu Allah ya jiƙan shi ya bar mana gona a Ejura da tarakta Massey Ferguson 135. Bara dizal ya ƙare mata tsakiyar gona, muka zuba wani amma ta ƙi tashi har batir ya mutu, kuma tun kafin nan in ta ɗaga garma sai garmar ta riƙa sauka da kanta. Yayyena sun ce mu sayar wa masu gwangwan kowa ya karɓi rabon shi. Ni raina bai so. Dan Allah me kake gani?

AMSA: Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Ɗana, kar ku sayar. Ban ce haka dan tausayi ba, na faɗa ne dan abun da ka lissafa ba mutuwa ba ce, ciwo ne mai magani, kuma maganin na nan Suwame Magazin, unguwar makanikai da masu sayar da kayan mota a Kumasi, tirotiro ɗaya daga gidanku.

Ka san me Baba ya bar muku kuwa? Wannan 135 ɗin an fara ƙera ta a 1964, da yawansu a garin Kobantiri na Ingila, injin Perkins ne a cikinta mai fistin uku, ƙarfin doki wajen 45. Ko 'yar autar cikinsu ta haura shekara arba'in yanzu, amma je Ejura ko Atebubu ko Techiman lokacin huɗa ka ƙirga nawa ke aiki har yau. Babu kwamfuta a jikinta, babu wayar da za ta ruɗa ka, sifana da hankali kawai take so, kuma har gobe ana ƙera kayanta sababbi, a Pakistan ma ƙannenta ake ƙerawa sababbi fil.

Maganar ƙin tashi, iska ce ta shiga hanyar mai. Injin dizal ba kamar na fetur ba ne da za ka zuba ka murza ka wuce, da zarar tanki ya bushe iska ta cika bututun, famfo kuma iska ba ya iya tura ta, ko ka kashe batir goma. Ga yadda za ka yi. Ka tabbata makunnin da ke ƙarƙashin tanki a buɗe yake. Saman filta akwai ɗan noti, sassauta shi kaɗan, kar ka cire. A gefen inji akwai ƙaramin famfo mai ɗan hannu, ka riƙa danna shi da yatsa. Farko za ka ji fss fss, sai kumfa ta fara fitowa fara kamar ta sabulu, kar ka gaji, ci gaba har sai dizal ya fito garau babu ƙwayar kumfa ko ɗaya, sannan ka ɗaure notin kana kan dannawa. In ka ji hannun famfon sakwaf babu nauyi, ba lalacewa ya yi ba, juya injin kaɗan ka sake gwadawa, yara da yawa a nan suke cire famfo mai lafiya su yar. Daga nan ka koma kan babban famfon injekta, yana da noti biyu na fidda iska, na ƙasa tukuna sannan na sama. Ƙarshe ka sassauta bututun da ke shiga nozul, ka tura abun kashe inji ciki, ka buɗe totur, wani ya murza maka makulli har mai ya fara tsartuwa, ka ɗaure. Kar a riƙe makulli ya daɗe, a murza kaɗan a huta, in ba haka ba sitata za ta ƙone ku shiga wani kashe kuɗin.

Amma tunda ta shekara a tsaye, kafin duk wannan ka juye tsohon dizal ɗin, ka wanke tanki, ka sa sabuwar filta, ka canza baƙin mai. Ruwa da tsatsa su ne ke cinye famfon injekta, shi kuwa famfon shi ne abu mafi tsada a jikin injin nan. Ka saba cika tanki da yamma bayan aiki, dan tankin da ya kwana rabi yana yin gumi daga ciki, gumin nan ruwa ne. In matatar iskarta mai kwanon mai ce a ƙasa, ka riƙa buɗewa, lokacin hunturu kullum ma, za ka ga laka ta kwanta a gindin kwanon, wannan lakar da cikin fistin za ta.

Garma da ke sauka kuma, mai ɗaya ne giya da gindin baya da haidirolik suke sha. Zaro sandar awo ka duba, in man ya koma kalar koko ruwa ya shiga, yawanci ta robar da ke gindin sandar giya in ta yage aka bar tarakta cikin ruwan sama. A canza mai a wanke rariyar famfo. In bai daina ba, fita, wato makanike, zai buɗe murfin gefe a ɗaga garma ya haska tocila, in mai na zuba daga sama ringin silindar ɗagawa ne ya cinye, in daga ƙasa yake tafasa to famfo ne ko bawul. Da ido ake dubawa, kar kowa ya sa hannu ciki inji na aiki. Ka zauna da yayyenka cikin ladabi, ka ce su ba ka damina ɗaya, ku lissafa abun da kuke biyan mai tarakta haya a kan kowace eka, da yadda kuke bin layi har ruwan farko ya wuce ku.

TAMBAYA: Masta ina kwana. Ni 'yar kasuwa ce a Asawase, masara nake saro wa. Ina so in sayi tarakta ta hannu ɗana ya riƙa aiki da ita. An nuna mun wata ja jawur kamar sabuwa. Me zan duba?

AMSA: Lafiya lau Hajiya, Allah ya ƙara buɗi. Fentin nan shi ne abu na ƙarshe da za ki kalla, galan ɗaya na jan fenti ya isa ya rufe shekara arba'in. Ki je da fitan da ke kika ɗauko, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba, kuma ku je da sassafe ku taɓa injin ku ji shi da sanyi, dan wanda aka riga aka ɗumama ko ya gaji zai tashi. Ku kalli hayaƙi. Baƙi, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, sau da yawa nozul ne ko matatar iska. Shuɗi, baƙin mai take sha, ringi ya tafi. Fari da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, a binciki gaskit, a buɗe lagireto tun da sanyi a ga ko yana kumfa. A ɗaura mata garma ta ɗaga, a kashe inji a ga ko za ta riƙe. Kuma a shiga gona da ita ko rabin awa ne, mai sayarwar da ya ƙi wannan ki gode mishi ki tafi.

Amma Hajiya abun da ya fi damuna ɗanki ne. Ya nemi lasin DVLA, hukumar ba da lasin tuƙi ta Gana, ajin E, shi ne na tarakta da manyan injuna. Sannan ki gaya mishi da bakinki, kar ya kusanci ƙarfen nan mai juyawa a bayan tarakta da babbar riga ko jallabiya ko rawani mai jela. Ƙarfen yana juyi 540 a minti ɗaya, wato sau tara a sakan ɗaya. Na taɓa tsayawa a wata gona ana casar masara ranar Juma'a, wani yaro ya dawo daga masallaci da rigar shi mai faɗi ya sunkuya zai ɗauki buhu, gefen rigar kawai ya taɓa. Ba mu ji ihu ba ma, ƙarar yagewa muka ji, Allah ya sa yadin ya tsufa ya yage ya bar shi tsaye da wuyan riga kawai a jikin shi, hannun shi ya karye wuri biyu. Har yau in na tuna idon uwar shi da aka kawo shi gida jikina sanyi yake yi. Ya sa murfi a kan ƙarfen, ya kashe inji kafin ya sauka. In zai ja lori ko kututture ya ɗaura sarƙa a ƙasa wurin da aka yi dan ja, in ya ɗaura sama da gatarin baya tarakta tana miƙewa ta kifo kan direba, tsofaffin nan kuma ba su da ƙarfen kariya a sama. A kan titi ya haɗe birkin nan biyu wuri ɗaya, kuma kar ya taɓa sakin giya a gangara wai dan ya rage shan mai.

TAMBAYA: Masta ni yaron mota ne na eskabeta, shekara biyu ina bin maigidana a wuraren gini wajen Kumasi. Injin mu tsohuwar Caterpillar 320B ce, allon ta ya mutu tuntuni. Da safe tana da ƙarfi, rana na yi sai ta yi laushi bokiti ya ƙi cika. Kuma ranar nan na hau wata ta Japan na ja hannu dan in ɗaga sai ta yi wani abu dabam. Na uku, wani ya ce in zo daji in tuƙa mishi, kuɗin sati ɗaya ya fi na wata na. Ka ba ni shawara.

AMSA: Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Laushin rana zafi ne. Man haidirolik in ya yi zafi sosai yana tsinkewa kamar ruwa, famfon da ya tsufa kuma cikin shi ya buɗe, sai man ya riƙa zillewa ta baya maimakon ya tura silinda. Kafin ku ce famfo, ku fara da abu mai araha, ka buɗe ƙofar gefe ka haska tsakanin lagireto da abun sanyaya mai, sau da yawa ƙura da ganye da leda ne suka toshe kamar tabarma, a hure da iska a wanke. A duba bel ɗin fanka, a canza filtocin haidirolik, a tabbata man da ake zubawa nashi ne ba haɗe-haɗen da ake aunawa a galan bakin hanya ba. In duk an yi bai daina ba sai a kira mai agogon awo ya auna ƙarfin famfo da bawul. Kuma tunda allo ya mutu ku sa mata agogon zafi na hannu, bai kai kuɗin gaskit ɗaya ba, yanzu haka kuna tuƙi ne ido rufe.

In tiyo na tsiyaya kar ka laluba da hannu, ka kara kwali. Matsin da ke ciki ya haura 300 a ma'aunin matsi da ake kira bar, ɗan tsinin man da ido ba ya gani yana huda fata ya shiga nama, za ka ga ɗigo kamar cizon sauro ka raina, alhali asibiti ne a take, mutane sun rasa yatsu a haka.

Abun da ya faru da kai a ta Japan ba laifinka ba ne, tsarin hannu ba ɗaya ba ne. A wanda aka fi sani, hagu ne ke juya jiki da tura damtse, dama ke ɗaga bum, wato babban hannun da ke manne da jikin inji, da naɗe bokiti. A wani tsarin bum ya koma hagu, damtse ya koma dama, tsofaffin da aka yi dan kasuwar Japan ma wasu da nasu tsarin na kamfani. Duk injin da ba ka sani ba, ka kori mutane, ka rage totur, ka taɓa kowane hannu a hankali ka ga abun da zai motsa. Haka kafin ka yi tafiya ka leƙa ka ga ina motar da ke juya sarƙar ƙafa take, in tana gabanka to ka tura gaba baya za ta yi, bakin rami kuwa ba a yin wannan kuskuren sau biyu. Ka ɗaga kai ka nemi wayar wuta kafin ka ɗaga bum. Giris kullum a fil da bushi. In ka tashi ka aje bokiti ƙasa, ka bar inji ya yi 'yan mintoci a hankali dan tobo ya huce sannan ka kashe.

Toh maganar daji. Ni da kai mun san dajin da ake nufi, galamse ne, wato haƙar zinariya ba izini. Ka ce ya nuna maka lasin Hukumar Ma'adinai da takardar filin, ka gani da idonka, in ya fara kame-kame ka san amsa. Dokar da aka gyara a 2019 ta sa ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka kama yana haƙar ma'adini ba izini, kuma ranar da sojoji suka zo mai kuɗin yana gari a cikin fanka, wanda ke kan kujerar inji shi ake samu. A 2021 kowa ya ga yadda aka riƙa cinna wa eskabetoci wuta a bakin koguna. Ka je ka tsaya a gadar kogin Offin ko Pra ka kalli ruwan, ya koma kamar kunun da aka dama da jar ƙasa, mutanen ƙauyen da ke ƙasa shi suke ɗiba su sha su yi alwala, kuma bokitin irin naka ne ya yi wannan. Ramukan da ake bari buɗe suna cika da ruwa yara na faɗawa. Wallahi ina jin zafin halin da matasan zango ke ciki, na san haya na jira, na san ana kiranka daga gida, ba zan ce maka kuɗin ba su da daɗi ba. Amma ni ban yarda ka je ba.

Ka ƙara haƙuri da maigidanka ka nemi lasin ka, ka roƙe shi ya riƙa barinka kana gyara gefen gwata da daidaita ƙasa, dan nan ake gane hannu, direban da zai share fili ya fito sumul ba sai an bi shi da shebur ba 'yan kwangilar hanya da masu fasa dutse su ke neman shi. Ranar da ba aiki kuma kar ka kwanta a gida, ka bi fitan ku Magazin ka riƙe mishi sifana ka ga yadda ake buɗe famfon nan.