Tambaya da amsa: wace manhaja zan sa wa yara, wane shiri za mu kalla tare?

Tambaya ta farko daga wata uwa ce mai yara uku. Ta ce: "Babban yana shekara 9, ta tsakiya 5, autan bai cika biyu ba. Na ga tallar wata manhaja da aka ce tana koya wa yaro karatu cikin wata ɗaya amma sai an biya duk wata. In biya ne? Kuma autan ma in na kunna masa waƙoƙin ABC yana yin shiru, ko in ci gaba?"

Hajiya, kar ki biya tukuna. Kalmar "ilimantarwa" da kike gani a jikin manhaja kowa ma zai iya rubutawa, kuma duk wanda ya yi miki alƙawarin karatu cikin wata ɗaya talla yake yi kawai. Ki fara da na kyauta, don akwai masu kyau sosai. Wa 'yar shekara 5 ɗin ki sauke Khan Academy Kids, an yi ta ne don yara 'yan shekara 2 zuwa 8, ta fito a 2018, ba talla a ciki ba kuma wani wurin da za a ce saka kati, akwai haruffa, lissafi, littattafan labari, kuma wasu abubuwan ana buɗe su ko ba data. Duolingo ABC ma kyauta ce, ita dai karatun Turanci ta fi mayar da hankali a kai. Babban kuma ni da Scratch zan haɗa shi, jami'ar MIT ta Amurka ce ta ƙirƙire ta, yaro yana jera umarni kamar bulo har ya haɗa nasa wasan ko katun, ƙanwarsa ta yi ScratchJr wadda aka yi wa 'yan 5 zuwa 7, ta fi daɗi a tablet. Abin da ya sa nake son waɗannan biyun shi ne yaron ne ke ƙera abu, ba zama yake yana dannawa ana masa tafi ba.

Yadda za ki gane ta ƙwarai: ki zauna ke kaɗai ki yi wasa da ita kamar minti goma, ki ba da amsar da ba daidai ba da gangan. In ta nuna miki inda kika kuskure to da sauƙi. In kuwa ko me kika taɓa sai taurari su zubo a kunna kiɗa, ko duk bayan minti biyu talla ta fito, goge ta.

Maganar auta kuma, gaskiya shirun nan ba koyo ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarar da ta fitar a 2019 ta ce yaron da bai kai shekara 2 ba ba a so a zaunar da shi gaban allo, 'yan 2 zuwa 4 kuma kar ya wuce awa ɗaya a rana, in ya gaza haka ma ya fi. A wannan shekarun daga bakin mutum yake ɗaukar magana, ki yi masa waƙar da kanki ko yayyensa su yi masa. Na san wani lokacin aiki ke yi wa uwa yawa, ba laifi nake ɗora miki ba.

Wani magidanci kuma ya rubuto: "Ina so in samu abin da ni da matata da yara za mu kalla tare, ni katun yana sa ni barci, su kuma labarai ba sa so."

Malam, shirin namun daji shi ne maganinka. Nemi Planet Earth na BBC, na farko ya fito a 2006, na biyu a 2016, David Attenborough ne ke bayani. Akwai wani wuri a na biyun da macizai ke bin wani ɗan ƙadangare da ya fito daga ƙwai a tsibiran Galapagos, wallahi har kai sai ka miƙe tsaye kana ce masa ya gudu. Ko yaro bai jin Turanci hoton ya ishe shi, kai kuma sai ka riƙa tsayar da shirin kana tambaya, me ya sa wannan ya ɓuya, wa kuke ganin zai ci, daga nan hira ta ɓarke. Sai dai ka ɗan leƙa kafin ka kunna, don akwai farauta da jini, wani lokacin da barbarar dabbobi, kar a yi maka tambayar da ba ka shirya mata ba.

Kuma kar ka raina katun duka. Numberblocks gajere ne, kusan minti biyar, lambobi ne suke haɗuwa suna rabuwa yaro na gani da idonsa yadda 2 da 3 suka zama 5. Ubongo Kids da Akili and Me daga Tanzaniya suke, lissafi da kimiyya da haruffa, kuma an juya su zuwa harsunan Afirka da dama har da Hausa. Sesame Street kuwa tun 1969 ake yinsa, wataƙila ma ka taɓa gani.

In kallon ya gundure ku, sauke Stellarium ku fita waje da dare, ka ɗaga wayar sama ta nuna muku sunan abin da kuke kallo, ku nemo Zara da Kaza da 'ya'yanta. Dara irin ta chess kuma akwai Lichess, kyauta ce ba talla.

Ta ƙarshe gajera ce: "Na yi gwajin kyauta na kwana bakwai a wata manhajar yara, na goge ta, amma har yanzu ana cire min kuɗi."

'Yar uwa, goge manhaja ba ya tsayar da biyan. Ki shiga Play Store, ki taɓa hotonki a sama, ki nemi wurin biyan kuɗi da rijista, can za ki soke. In iPhone ce ki shiga saitin waya ki taɓa sunanki, yana nan ciki. Ki kuma nemi su mayar miki da kuɗin, wani lokacin ana dacewa in ba a daɗe ba. Tunda kin shiga, ki saita yadda ba za a sayi komai ba sai da lambar sirri ko yatsanki, don yara sun iya danna "saya" fiye da yadda kike zato. In yaron yana da tasa wayar ki haɗa ta da Google Family Link, daga wayarki za ki amince ko ki hana duk abin da zai sauke, ki sa lokacin da za ta kulle da dare. YouTube Kids ma akwai saitin da sai tashoshin da kika zaɓa da hannunki kawai zai gani, shi za ki kunna, don tacewar da take yi da kanta wani lokacin abu yana tsallakewa.