Mece ce decolonization ɗin nan ne?

Tambaya: Malam, lakcara ɗinmu kullum sai ya ce decolonization, na ɗauka samun 'yancin kai ne, to ba an gama tun 1960 ba? Daga wata ɗaliba, Zariya.

Amsa: Ƙanwata, kin kamo hanya amma da saura. Asalin ma'anarta kawo ƙarshen mulkin mallaka, Bature ya naɗe tutarsa ya koma gida, kamar yadda Ghana ta samu a 1957, Nijar 3 ga Agusta 1960, Nijeriya kuma 1 ga Oktoba, ai a shekarar kaɗai ƙasashen Afirka 17 ne suka samu 'yanci.

Wadda malaminku yake nufi kuwa ta zarce nan, wato kankare abin da Turawan suka bari a manhajar karatu da harshe da kuɗi, kai har cikin kwanyar mutane, irin yaron da za a ci tararsa a makaranta don kawai ya yi Hausa. Shi ya sa shugaban ƙasar, Thomas Sankara, ya canza sunan Upper Volta zuwa Burkina Faso a 1984, a Yamai ma titin De Gaulle, tsohon shugaban Faransa, ya koma Djibo Bakary, ɗan gwagwarmayar 'yancin Nijar, a 2024. Amma fa ni a ganina canza allon titi shi ne mai sauƙin, har yau sefa na ɗaure da yuro.