Ranar haihuwar wanda ya riga mu gidan gaskiya

Ɗiyata, saƙonki ya iso. Kin ce ranar 29 ga Agusta ƙawayenki suka cika Facebook da hotunan Michael Jackson suna yi masa barka da zagayowar ranar haihuwa, alhali ya rasu tun 2009, kina tambaya ko abin yana da kan gado.

Ba su suka fara ba. A Memphis ta Amurka, duk 8 ga Janairu masoyan mawaƙi Elvis Presley kan taru a gidansa na Graceland don tuna ranar haihuwarsa, ga shi kuwa tun 1977 ya bar duniya. A Jamaika, 6 ga Fabrairu ranar Bob Marley ce. Fela Kuti ya rasu a Agustan 1997, amma da 'yarsa Yeni ta kafa bikin Felabration, makon haihuwarsa ta zaɓa, wato na 15 ga Oktoba. Na fahimci dalilinta. Ranar rasuwa tana tayar da tsohon miki, ita kuwa ranar haihuwa tana bar wa iyali damar tuna mutum yana cikin ƙarfinsa.

Sai dai kada ki ɗauki kwanan watan da nauyi sosai. Louis Armstrong, mai busa ƙahon nan, har ya mutu a 1971 yana cewa 4 ga Yulin 1900 aka haife shi. Bayan shekaru aka tono takardar coci, sai ga 4 ga Agustan 1901. Mawaƙa da yawa ma ba wanda ya rubuta ranar da suka zo duniya.

Abin da ke sosa mini rai shi ne kalmar "barka". Wa ake yi wa? Mamaci ba ya ƙara shekara. Lokacin da rediyo ta sanar da rasuwar Marley a Mayun 1981, ina saurayi, kaset ɗinsa guda nake da shi, har zaren ya tsinke na liƙe shi da farce da gam. Yau yaro zai ɗora hoton mutum, ya yi ta rubutu, ki tambaye shi waƙa ɗaya ya yi shiru.

In ranar ta zagayo, ki zauna ki saurari aikinsa tun daga farko har ƙarshe, ki gaya wa ƙannenki ko wane ne shi. Maimakon "barka", rubuta "yau da yana raye da ya cika shekara kaza". In wanda za ki yi wa addu'a ne, ki yi masa.

Ki gaida mahaifiyarki.